Mayunwaciyar Da Kika Bar Mana

Na Allah ne mu, kuma gare Shi muke komawa. Ranar Laraba, tara ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Yayata kuma abokiyar aikina, malamar nan da ɗalibai ke kira Uwar Ƙaguwa a bayan idonta, bayan jinyar watanni. An yi mata sutura a ranar bayan sallar la'asar. Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma tun ranar da aka haɗa mu ɗakin gwaji ɗaya a jami'a, ina sabuwar ɗauka, ta ce in kira ta Yaya, kuma ban taɓa kiranta da wani suna ba.

Yaya, an ce ni ce zan rubuta wani abu a kanki, tunda na fi kowa daɗewa a gefenki. Na ɗauki alƙalami na ajiye ya fi a ƙirga. Ke kika laƙaba mini Gaggawa, kin san ni da zama ba ma ga maciji, amma abin da ya hana ni zama a kwanakin nan ba halina ba ne kaɗai. Kin bar mana abu mai rai a hannu, aikin rayuwarki kacokan, kuma har aka kai ki makwanci ba mu san ko mun lalata shi ba. Mutane suna ta yi mini gaisuwa ina amsawa da baki, hankalina kuwa yana can cikin wani akwatin ƙarfe a kusurwar ɗakin gwaji. Ki yi haƙuri in rubutun ya yi ta kai-komo, haka mai rubutun take.

Saboda waɗanda suka san ki a gida ba su san ki a wurin aiki ba, bari in faɗi abin da kika ƙarar da ƙuruciyarki a kai. Ɓawon ƙaguwa ne. Abin da kowa ke toshe hanci ya wuce, shi kike tsayawa ki durƙusa a gabansa. A bakin ruwa, inda mata ke ɓare ƙaguwa su cire naman su sayar, ɓawon kan taru tsibi-tsibi, ga wari ga ƙudaje, kuma ba ya ruɓewa da wuri, domin akwai wani sinadari mai tauri a cikinsa da ake kira kaitin. Shi ne dai ke cikin fiffiken fara, shi ne kuma ke cikin jikin funfunar da ke kashe shuka. Kika ce tunda duniya ba ta cika da ɓawo ba tun zamanin kakanni, lalle akwai mai cinye shi a ɓoye. Masu cin nan su ne ƙwayoyin bakteriya, halittun da ido ba ya gani, masu fitar da wani ruwa da ke narkar da kaitin. Littafi na kiran ruwan inzayim, ke kuwa yawu kike ce masa, har ɗalibanki suka riƙa rubuta yawu a takardar jarrabawa.

Yadda ake gane gwana a cikinsu ba wuya. Za a wanke ɓawo, a shanya, a niƙa, a sarrafa garin har ya yi laushi, a dama shi a zuba a ƙaramin farantin gilashi ya daskare fari kamar madara. Sai a ɗiga ƙwayoyin a tsakiya, a rufe, a sa a akwatin ɗumi. Idan masu cin ɓawo ne, bayan 'yan kwanaki farin da ke kewaye da su zai washe, ya zama zobe garau wanda ake hango yatsa ta cikinsa. Gwargwadon faɗin zobe, gwargwadon ƙarfin ƙwaya. Shekaru kika yi kina ɗebo laka da ƙasa kina duba zobba, mafi yawansu sirara kamar zare, muna yi miki tsiya muna cewa ki koma sayar da ƙaguwar ma ya fi miki. Sai ranar da kika tono ƙarƙashin wani tsohon tsibi kika samo wadda zobenta ya kusa taɓa bakin faranti. Kika raɗa mata suna Mayunwaciya.

Ni aikina cututtukan shuka ne. Muka fesa yawun Mayunwaciya a kan dashen tumatir ɗina da funfuna ta fara kamawa, cutar ta tsaya cak inda take, sabon ganye ya fito lafiya lau. Daga ranar burinmu ya zama ɗaya: tsibin matan bakin ruwa ya narke, manomi kuma ya samu maganin da ba guba ba. A daminar nan mai zuwa muka shirya kai shi gonaki.

Doka ɗaya kika kafa a kanta, kuma ba ki taɓa sassautawa ba: Mayunwaciya ba ta cin komai sai ɓawo. A ɗakin gwaji akwai abincin ƙwayoyi na gwangwani, mai suga da romon nama, wanda kowace ƙwaya ke ƙiba a kai nan da nan. Kika haramta mata shi. Kika ce wanda ya samu tsoka ba zai tauna ƙashi ba. In ta saba da daɗi za ta daina fitar da yawu, in kuma aka jima ana ba ta, malalatan cikinta za su rinjayi masu ƙwazo, a wayi gari sunan ne kawai ya rage. Saboda haka kullum farantanki ramammu suke, suna girma a hankali kamar an tilasta musu, kuma duk bayan ɗan lokaci sai kin ɗebi kaɗan da bakin siririyar wayar ƙarfe kin mayar sabon faranti kafin tsohon ya bushe. Da hannunki kike yi, ko da ranar hutu ce.

Abin da ke ba ni dariya, har a cikin wannan hali da nake, shi ne duk rowar da kike yi wa ƙwayoyi, a kan mutane kike fanshewa. Ban taɓa ganin mai ɗura wa mutane abinci kamarki ba. Kula biyu kike zuwa da su aiki, ɗaya taki, ɗaya ta wanda Allah Ya kawo, kuma taki ɗin ma ba ke ke cinye ta ba. Ɗalibi ya zo da kuskure a aikinsa, tambayarki ta farko ita ce ko ya karya. Sai ya ci ya sha, sannan ki gyara zama ki yi wa takardarsa fata-fata da jan biro, ya fita yana godiya. Na sha ce miki kina sangarta su. Kika ce ƙwaya ce yunwa ke sa ta aiki, ɗan Adam kuwa ƙarya yunwa ke koya masa.

Motarki kuwa sai mai ƙarfin hali. Buhunan ɓawo ba sa rabuwa da bayanta, ɗanye da busasshe. A duk jami'ar ita kaɗai ce motar da ba a roƙon a rage hanya a cikinta, ke kuma ke ce mai tsayawa a rana ki ce sai an shigo. Wata rana kika ɗauki shugaban sashenmu ya sha kwalliya zai je taro, bawan Allah bai kai rabin hanya ba ya ce ya tuna yana da saƙo a nan. Kika sauke shi a gaban wani kango, kika yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya. Ni ma ban bar ki kin huta ba. Na ja layi da alli a tsakiyar teburin aikinmu na ce ɓawo ya ƙetaro nan za a ji mu. Ya ƙetaro, an kuma ji mu, shekara da shekaru, ni ina faɗa ke kina niƙa.

Amma shekarar da na rasa maigidana ke kika tsallake layin da kanki. Har na fita takaba ban iya komawa aiki ba, shukokina suka fara bushewa, ni kuma ko a jikina. Ba ki zo kin cika ni da wa'azi ba. Kika ɗauki butar ban-ruwa kika haɗa aikina da naki, da yamma ki biyo gidana ki zauna kina tsefe wa 'yata kai, kina ba ni labarin wane ganye ya fito wane ya faɗi. Rannan kika faɗa mini yadda kika yi dashe, na ji kin yi shi a baibai, raina ya ɓaci, na fizgi mayafi na bi ki in gyara ɓarnar. Na je na tarar komai daidai yake. Kika ce tunda na zo sai in zauna, ga shayi. Haka kika fito da ni daga ɗaki, kuma ba ki taɓa tayar da maganar ba.

Ciwo ya zo miki a hankali, kika ɓoye shi har ya ƙi ɓoyuwa. Da aka kwantar da ke a asibiti, ni na rabu tsakanin aji da gefen gadonki, sai kika damƙa Mayunwaciya a hannun Dogo, babban ɗalibinki mai neman digiri na uku, magidanci da 'ya'yansa, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakin gwaji. Ba mu damu ba, domin akwai ajiyarta a daskare a cikin firiza, wadda za a iya farfaɗowa in wani abu ya samu na faranti. Sai aka yi dogon hutu, wuta ta yi ta wasa, injin firizar ya ƙone ba wanda ya sani. Wari ne ya sanar da mu. Duk abin da ke ciki ya narke ya mutu, ya zamana, a iya saninmu, a duniya ba inda Mayunwaciya ta rage sai 'yan farantan da ke hannun Dogo.

Nan tsoro ya kama shi. Garin ɓawon da kika bari ya ƙare, ke kaɗai kike zuwa bakin ruwa, farantan kuma ga su ramammu kamar yau za su mutu. Ya san dokarki sarai, ba jahilci ya ja shi ba. Amma mutum ne da ya yi shekaru yana kallon yadda kike nuna ƙauna, kuma bai ga kina nuna ta da komai ba sai da abinci. Ya buɗe gwangwanin nan mai suga da romo, ya ce sau ɗaya tak, su ɗan farfaɗo. Suka yi ɓul-ɓul, suka cika faranti har baki. Ya ji daɗi ya ƙara, ya sake ƙarawa, sauran ɗalibai suna taya shi murna, suna cewa Malama za ta dawo ta tarar da 'ya'yanta sun murmure. Haka aka yi ta yi tsawon jinyarki. Garin neman gira aka rasa ido.

Ana saura kwanaki kaɗan ki bar mu, ya zo dubiya da hoton farantan a wayarsa, yana ta murmushi. Ina zaune ina ɓare miki lemo. Kika karɓi wayar kika daɗe kina kallo.

Kika ce, “Sun yi ƙiba, Dogo. Ina zoben?”

Ya ce, “Ai Malama, a kan wannan abincin zobe ba ya fitowa.”

Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Na ga fuskarsa ta sauya. Ke kuwa ba ki ɗaga murya ba, ƙarfin ma babu. Kika ce, “Ku mayar da su kan ɓawo. Ku bar su da yunwa, kada ku ji tausayinsu. In da sauran mai ƙwazo a cikinsu, za ta nuna kanta.” Kika miƙa masa wayar, sannan kika nuna lemon da ke hannuna kika ce in ba shi, da gani bai karya ba.

Ni ban yi irin haƙurinki ba. A barandar asibiti na tsare shi na wanke shi tas, ban bar komai a cikina ba, yana tsaye kansa a ƙasa da lemo a hannu. Da kin ji da kin ce in bar yaron mutane. Har yanzu in na tuna sai in ji haushinsa, in kuma ji tausayinsa, ban san wanne ya fi yawa ba.

Washegari na tuƙa motata na nufi bakin ruwa, karo na farko a rayuwata. Ban san kowa ba, amma ina ambatonki matan suka ajiye wuƙaƙensu suka kewaye ni. Shugabarsu, dattijuwar da suke kira Inna, ta ɗaga mini yatsanta manuni, wanda ya ɗan karkace, ta ce ke ce dalilin da ya sa yake jikinta har yau. Ɓawo ya taɓa yankarta, yatsan ya kumbura ya yi baƙi tana ta ɗaure shi da tsumma, kika gani kika sa ta a mota ba shawara, kika zauna da ita a asibiti har aka yi aiki. Wata ta nuna mini safar hannu ta roba, ta ce duk zuwa sai kin kawo musu, kina faɗa in kin ga hannu tsirara. Wata ta ce kina zama a kan bokiti ki taya su ɓara, ba ki iya ba, kina ɓata musu nama, amma ba sa hana ki saboda hirar. Shekaru muna tebur ɗaya ba ki taɓa gaya mini ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Suka cika mini bayan mota da ɓawo har da ƙyar ya rufu, Inna ta ce in gaya miki tsibi yana ta girma, suna jiranki.

Ban samu na isar da saƙon ba. Ni da Dogo muka wanke ɓawon, muka shanya, muka niƙa. Ranar Larabar nan muna cikin zuba farantan farko wayata ta yi ƙara, na ga babbar 'yarki ce. Tun kafin in ɗauka na sani. Na ce wa Dogo ya ƙarasa zubawa kada haɗin ya daskare a tukunya, kuma na san abin da za ki ce ke nan. Bayan an dawo daga maƙabarta ya koma ya ɗiga ƙwayoyin a kan ɓawo, ya rufe akwatin ɗumi.

Daga nan sai jira, kuma ni ban iya jira ba. Kullum da safe kafin in je gidanki zaman makoki sai na biya ɗakin gwaji, in buɗe akwatin, in ɗaga farantan ɗaya bayan ɗaya in duba a hasken taga. Fari fat. Ƙwayoyin suna zaune a tsakiya kamar baƙin da aka kawo wa abincin da ba su saba ba, ba su ci ba, ba su tashi ba. In rufe in tafi gidanki, in zauna cikin mata da carbi a hannu, bakina na addu'a, zuciyata na lissafin ko zafin akwatin ya yi yawa, ko garin bai yi laushi ba, ko in koma in sake dubawa. In tashi in taya rabon ruwa, in dawo, in tashi in gyara takalman baƙi a ƙofa. Har ƙanwar maigidanki ta gaji ta jawo bakin zanena ta ce, “Ke kuwa Hajiya, ƙaya ce a tabarmar?” Mata suka ɗan yi murmushi, na zauna, ba a jima ba na sake tashi. Na san wasu sun ce ban damu da mutuwarki ba. Ba zan iya tsayawa in yi musu bayanin cewa tsoro nake kada ki mutu mini sau biyu ba.

Kwanaki suka shuɗe, lokacin da zobe kan fito ya wuce, ya sake wucewa. Wasu farantan suka fara tsagewa don bushewa. Dogo ya rame, ya daina haɗa ido da kowa, na ji ɗalibai na cewa yana maganar barin karatun. Ni ma na fara cire rai.

Da baƙi suka ragu na shiga gaida maigidanki. Na same shi a tsakar gida a kan kujerarsa, ya zuba wa bayan kicin ido. Muka gaisa, muka yi addu'a. Can ya ce, “Kin san wani abin mamaki? Shekaru ina fama da Yayarki a kan warin gangar nan. Ranar da aka zubar da ita, abinci ya ƙi shiga bakina. Gidan ya zama kamar ba namu ba.”

Na ce, “Wace ganga, Alhaji?”

Ya dube ni da mamakin ban sani ba. Ashe, Yaya, duk ragowar ruwan kwalaben da kike renon Mayunwaciya a ciki, wanda dokar ɗakin gwaji ta ce a dafa shi a kashe kafin a zubar, ba kya iya kashewa. A jarka kike kawo shi gida ki juye a wata tsohuwar ganga a bayan kicin, ki zuba mata ɓawo, in ya narke ki ɗiba ki ba shukokinki. Kin ɓoye mini don kin san da na tara miki jama'a, kuma da na tara. Na miƙe tsaye na ce ina gangar. Ya ce ai ranar rasuwa dangi suka ga baƙi za su cika gida, suka kinkime ta suka juye a kwata, suka wanke ta da sabulu da ruwan kashe ƙwayoyi har sau biyu, suka kife ta a rana. Sun yi don su fita kunyarki. Na je na leƙa cikinta, tana ƙyalli, sai ƙamshin sabulu. Na ji kamar in ɗora hannu a ka.

Ina juyowa na ga gurbin da ta zauna shekaru. Ƙasar wurin baƙa ce, da danshinta, ta bambanta da ta kewaye. Alhaji ya ce gindin gangar na yoyo tun da daɗewa, ya sha cewa zai kai a liƙe kina hana shi. Ban tsaya neman izini ba. Na shiga kicin ɗinki na ɗauko cokali da kwalbar da na samu, na ɗauraye da tafasasshen ruwa, na durƙusa da kayan jikina na hau tono, sauran masu gaisuwa suna kallona ta taga. Na ji wata tsohuwa na cewa a yi mini addu'a, mutuwar ta taɓa ni. Babbar 'yarki ce ta fito ta durƙusa kusa da ni ta riƙe mini kwalbar, ba ta tambaye ni komai ba.

Na kira Dogo na ce ya same ni a ɗakin gwaji. Ya ce shi hannunsa ba shi da albarka, in nemi wani. Na ce masa ban kira shi shawara ba. Muka jiƙa ƙasar, muka tsarma ruwan, muka shafa a kan sababbin farantan ɓawo, muka rufe. A ƙasa ba ƙwaya ɗaya ke zama ba, dubbai ne, kuma ba mu da tabbacin wadda muke nema ta tsira a cikinsu. Aka koma gidan jiya: in buɗe, in duba, in rufe, in fita, in kai bakin ƙofa in dawo kamar na manta wani abu. Abubuwa iri-iri suka tsiro, kore da baƙi da mai gashi, ba wanda ya taɓa farin. A cikin wannan jiran na fara rubutun nan, shi ya sa kika ga ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Yau da safe Dogo ya riga ni zuwa. Na same shi tsaye a gaban akwatin, ya kasa buɗewa. Na ture shi na buɗe. Farantin farko ba komai, na biyu funfuna ta cinye shi. Ina ɗaga wani daga can ƙasa, sai na ga a gefensa wani ɗan ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba, kuma farin da ke kewaye da shi ya washe. Zobe ne, faɗinsa ya ninka ɗigon sau da yawa. Na sa yatsa a ƙarƙashin gilashin na hango shi garau. Dogo ya ce da ganin yanayinta Mayunwaciya ce. Ba za mu tabbatar ba sai mun ware ta mun gwada, kuma hakan zai ɗauki lokaci.

Amma ni a lokacin ban yi wannan tunanin ba. Na ɗaga farantin sama, na juya, na ce da ƙarfi, “Yaya, zo ki gani.”

Ɗakin ya yi tsit. Dogo ya juya fuskarsa ga bango. Na tsaya da faranti a hannu ina jiran amsa, wallahi jira nake, har sai da na ji shirun ya yi yawa. Da hannuna na taya yi miki wanka, da idona na ga an fita da ke, ban zubar da hawaye ba, ina ta kai-komo. Sai yau na yarda kin tafi. Na ajiye farantin a hankali don kada ya faɗi, na zauna a ƙasan ɗakin gwaji na yi kukan da ban yi ba. Dogo ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ɗauki farantin ya je ya kunna wuta ya fara aikin ware ta.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka, Kai ne Mafi sanin abin da ta aikata a ɓoye da sarari. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka sa jinyar da ta sha ta zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi, Ka ciyar da ita daga abincin Aljanna kamar yadda ta ciyar da bayinKa ba ta gajiya. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Alhaji, da 'ya'yanta da jikokinta, da dangi na kusa da na nesa, da ɗalibanta, musamman Dogo, da Inna da dukkan matan bakin ruwa waɗanda suka rasa 'yar'uwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen in ya zo. Ya kuma sa ɗan ɗigon nan da ke cikin faranti Mayunwaciya ce, ta rayu ta kai gonaki, ladan ya riƙa iske ki inda kike, Yaya. Amin.